Daga "Mun Ci" Zuwa "Mun Sha"

Zuwa ga bawana na Makurɗi,

Gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga bawansa. Ina fatan gajiyar jirgi ta sake ka, uwargida da yara kuma suna lafiya. Ban ce a gaida shanu ba, domin na san saniya ba ta kwana biyu a gidanka.

Masu karatu su yi mini uzuri, filin wannan makon na ba da shi sadaka ga wani ɗan Tibi da muka shekara talatin muna tsokanar juna. Wanda bai san mafarin abin ba, ga shi a taƙaice. Kakana ya bar wa kakansa shanu amana, ya tafi neman ruwa. Da ya dawo ya ce ina dukiyata, sai aka goge maiƙon baki aka ce masa, "Mun ci." Tun daga ranar suna ya bi su, bashi ya hau kansu, ni kuma ni ne magajin bashin.

To, Munci, bara 'yarka da ke aikin jinya a Berona ta ƙasar Italiya ta haihu, ta aiko maku da tikiti kai da uwarta ku je ganin jika. Da labari ya iso ni sai na ɗauko littafi don in san inda za ka, na tarar masana da yawa suna cewa sunan Italiya ya samo asali ne daga wata tsohuwar kalma mai nufin ƙasar maruƙa. Na ajiye littafin na dafe kai. Na ce shi ke nan, an ba kura ajiyar nama. Wata uku cur ina kasa kunne a rediyo ko zan ji garken wani Ba'italiye ya yi ɓatan dabo. Shiru kake ji. Ashe wani abin ka samu can da ya ɗauke maka hankali daga nama.

Ranar da na zo yi maka barka da sauka na gane wa idona. Muna zaune gindin mangwaron nan na bayan gidanka, iskar Binuwai tana kaɗawa. Uwargida ta kawo mini zoɓo mai sanyi, ni kuma na miƙa mata ƙwaryar kindirmo da na riƙo, kamar yadda ubangidan kirki ke tunawa da bayinsa. Kai kuwa ka shige ɗaki ka fito rungume da kwalba guda, kamar ita ce jikar da ka je gani. Wuta ta kwana biyu ba ta leƙo unguwarku ba, sai ka aiki yaro ya sayo ƙanƙara, ka juye a bokitin wanki, ka tsoma kwalbar, ka zauna kana duba agogo. Wai ba a shan farar giyar inabi sai sanyinta ya tsaya tsakanin digiri 8 da 10. In sanyi ya yi yawa ƙamshinta ya ɓuya, in ta yi ɗumi ta zama lami. Kai ɗin nan da na sani kana shan burkutu a ƙoƙo da zafinsa, kana hure ƙuda da baki kafin ka kafa kai!

Sannan ka ɗauko wani kofin gilashi mai doguwar ƙafa kamar zalɓe. Ka riƙe shi a ƙafar da yatsu uku, wai don kada ɗumin tafin hannu ya taɓa ta. Ka tsiyaya ɗan kaɗan, ko sulusin kofin bai kai ba. Ka ɗaga shi ga rana, ka ce in dubi launin, kamar busasshen karan dawa da ɗan kore-kore a gefe. Ka jujjuya, ka zura hanci har sai da na ji tsoron kada ya maƙale, ka lumshe ido. Da ka kurɓa ba ka haɗiye ba, sai ka riƙa wasa da ita a baki kamar mai ciwon haƙori da ruwan gishiri. Can ka buɗe ido ka ce, "Agwai, ka ji ta nan garas-garas."

Na ce ruwa ne ko gauta?

Ka ce kuma busasshiya ce.

Na ce abin da na ga an tsiyaya daga kwalba shi ne busasshe? To Binuwai ma tudu ne.

Ba ka kula ni ba. Ka ci gaba da lissafi, wai ka ji ɗanyar tuffa, ka ji ɓawon lemon tsami, ka ji fure, a ƙarshe kuma ka ji jiƙaƙƙen dutse. Nan na miƙe zaune. Munci, yaushe ka fara lasar dutse? A rugarmu shanu kaɗai ke lasar kanwa. Ashe naman da kakanninka suka ci sai yanzu ya fara aiki a jikin jikokinsu.

Abu ɗaya na yaba maka, ba ka yi mini tayi ba. Ka san addinina ya hana ni, kai kuma naka bai hana ka ba muddin ba ka wuce gona da iri ba. Kowa ya riƙe kofinsa. Amma kunne ba ya buguwa, saboda haka na gyara zama na sha karatu, kuma tunda gaskiya ko ta bawa ce a ba shi, bari in maimaita wa jama'a abin da ka koya mini.

Ka ce inabi kamar mangwaro yake, yana nuna zaƙinsa na ƙaruwa tsaminsa na raguwa. Mai son giya mai kaifi sai ya tsinke nasa da ɗan wuri, wasu ma da dare ko da asuba suke tsinka don kada rana ta dafa shi a kwando. Sai a matse nan take a raba ruwan da ɓawon, domin launi a ɓawo yake, shi ya sa ko daga jan inabi ana iya fitar da farar giya. Ruwan kuma a zuba shi a manyan tankunan ƙarfe masu sanyi, yis ya cinye sukarin ya mai da shi barasa, kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari. In ya cinye bai rage zaƙi ba, ita ce busasshiyar, su suna ce mata secco. Garas-garas ɗin kuwa tsamin nan ne da ke tsinka miyau, ya wanke maiƙo daga harshe, har mutum ya ji yana son ƙarin loma. Kana faɗa kana yagar soyayyar karfasa, kana cewa fara ta kifi ce, ja kuma ta jan nama. Na dai lura ba ka sayo ja ko kwalba ɗaya ba. Dabara ce. Ka san da na gan ta sai na tambayi inda naman cinta zai fito.

Daga nan ka ɗauki tsinke ka zana mini Italiya a ƙasa, ta fito kamar takalmin soja mai dogon wuya. Ka ce jihohinta 20 ne, babu wadda ba ta noman inabi, kuma a shekara ƙasar kan tatsi lita biliyan 4 zuwa 5 na giya, yawancin shekaru ita ce kan gaba a duniya, wani lokaci Faransa ta sha gabanta. Ka ce mutanen Girka na dā ma da suka sauka kudancinta, ƙasar inabi suka kira wurin. Mutumin da har yau in ya shiga Kano sai ya ɓata tsakanin Sabon Gari da Fagge, shi ne ke nuna mini tsaunuka da tsibiran Turai da tsinken tsintsiya.

Ka fara da wadda ke cikin bokiti. Sunanta Soave, sunan wani ɗan gari ne gabas da Berona, tafiyar kamar rabin sa'a a mota, mai ganuwa da tsohon gidan sarauta a kan tudu. Surukinka ya kai ka lokacin girbi, ka ga yadda suke yi wa inabi rumfa sama da tsayin mutum, nonnansa na reto a inuwa. Ka ce irin inabin sunansa Garganega, kuma doka ta ce sai ya kai kashi 70 cikin ɗari na abin da ke kwalbar kafin a liƙa mata wannan suna. Ƙasar wani ɓangaren tuddan baƙa ce, ragowar aman wutar duwatsun da suka mutu tun kafin a san mutum, wani ɓangaren kuma farar ƙasa ce mai alli, kuma wai kowace da ɗanɗanon da take bai wa inabinta. Tun 1931 aka shata iyakar tuddan, kuma in ka ga an rubuta Classico a jikin kwalba to daga tsofaffin tuddan nan ta fito, ba daga filin kwari da aka faɗaɗa noma daga baya ba. Ka ƙara da cewa kalmar soave a bakinsu tana nufin mai laushi, mai sanyin hali. Na ce to ka yawaita sha ko hali ya bi suna.

Da tsinken ya hau arewa sai ka shiga tsaunuka, inda ake ce wa Alto Adige. Ka ce yankin yana hannun Ostiriya har zuwa 1919, yawancin mutanensa Jamusanci suke yi a gida, takardar jikin kwalbarsu ma sau da yawa harshe biyu ce. Gonaki suna hawa har kusan mita 1,000, rana ta gasa su da yini, dare ya sauko da sanyin dusar ƙanƙara, wannan sanyin dare shi ke tsare tsamin inabi kada ya gudu. A can da maƙwabtansu ake noman Pinot Grigio, wadda duk duniya ta san ta a farar giyar Italiya, alhali asalin irin daga Faransa yake, ɓawonsa kuma ba fari ba ne, toka-toka ne mai ratsin ja. Baƙo ya zo ya zauna har ya fi 'yan gida suna. Na ce wannan Bafulatani ne, ka ce a'a, shi ba ya shiga gonar mutane.

A gabas, kan iyakar Sulobeniya, ka tsaya a Friuli ka ba ni labarin shari'ar suna. Suna da wata giya da kakanninsu ke kira Tocai, sai mutanen Hangari suka ce sunan ya yi kama da na tasu Tokaj, aka yi ta jan magana a kotunan Turai, daga 2007 aka hana Italiyawa amfani da shi, suka koma kiranta Friulano. Da suka ga haka sai suka yi wa kansu rigakafi a kan mai kumfar nan, Prosecco. A 2009 suka ce daga yau sunan inabin Glera, Prosecco kuwa sunan wuri ne, wani ƙauye kusa da Trieste, don haka wanda ba a yankin ya noma ba kada ya taɓa sunan. Yanzu kwalba sama da miliyan 600 suke sayarwa a shekara. Ka ga mutanen da suka san darajar suna. Ku kuwa an laƙaba maku naku fiye da shekara ɗari, ko ɗaukaka ƙara ba ku yi ba, don kun san hujja tana cikin cikinku.

Yamma ka wuce ta da sauri. Ka ambaci Gavi da ake yi da inabin Cortese, ka ambaci ƙauyukan Cinque Terre inda gonaki ke rataye a jikin dutse bisa teku, an tare ƙasarsu da katangun duwatsu marasa siminti, har sai da aka kafa ɗan jirgi mai layi ɗaya don sauko da kwandunan girbi. Ka ambaci wani inabi Arneis, wanda a karin harshen yankin sunansa ke nufin hatsabibi mai wuyar sha'ani. Na ce ko ka bar masu ɗan'uwa a can ne?

Da muka gangaro Taskani sai na ga kana neman tsallakewa. Ka ce akwai wani gari mai dogayen hasumiyoyi, San Gimignano, farar giyarsa Vernaccia ita ce ta fara samun shaidar hukuma a 1966, sai ka yi maza za ka ja tsinke gaba. Na riƙe hannunka. Na ce ba a nan ne ake kiwon Chianina ba, fararen shanun nan tas kamar bunajinmu, waɗanda bijiminsu kan wuce kilo 1,500? Ba daga gadon bayansu ake yanko gasasshen naman nan na Fulorans mai kaurin tafin hannu ba? Sai ka kau da kai kana kallon kogi. Uwargida ce ta tona, ta ce ai sau biyu ka sa aka kai ka. Na ce alhamdu lillahi, aƙalla wannan karon ka biya kuɗi.

A gabar gabas, jihar Marche, ka nuna mini Verdicchio, mai sunan kore, wadda aka san ta da kwalba mai ƙirar tulun mutanen dā. Daga nan ka yi kuskuren da ya ba ni nasara, ka ambaci Pecorino. Na ce ba sunan cukunsu na tumaki ke nan ba? Ka ce shi ne, amma akwai farin inabi mai wannan suna, domin pecora tunkiya ce, kuma ana cewa tumakin da ke wucewa ta gefen gonaki su ne ke tsinkar 'ya'yansa saboda yana riga sauran nuna. Irin ya kusa ɓacewa, sai a shekarun 1980 wasu manoma suka nemo ragowarsa a tsaunuka suka farfaɗo da shi. Na ce ka gani ko? Tunkiyar makiyayi ce ta fara gano daɗinsa, kai sai bayan ɗaruruwan shekaru ka biyo sawu da kofi mai ƙafa.

Da na matsa maka da tambaya sai ga sauran labarin. Ashe su ma suna da mashekari. A dā, in kaka ta yi, makiyayan tsaunukan Abruzzo su koro tumakinsu zuwa filayen Puglia masu ɗumi, bazara ta yi su koma. Hanyar da suke bi burtali ne na hukuma, faɗinsa mita 111, mafi tsawonsa daga L'Aquila zuwa Foggia kilomita 244, an kakkafa duwatsun shaida a gefensa, manomi ba ya shuka a ciki. Su kuma makiyaya a lokacin suna biyan jangalinsu a wani ofishi da sarki ya kafa a 1447, wanda ya yi aiki har 1806. A 2019 hukumar UNESCO ta sa wannan ƙaura cikin abubuwan gadon duniya. Kana gama faɗa sai muka yi shiru mu biyu, kowa yana kallon zanen da ke ƙasa. Kai ɗan manomi ne, ni ɗan makiyayi, kuma mun san abin da rashin dutsen shaida ya jawo tsakanin danginka da nawa a bakin kogin nan. Ba mu ce komai ba. Ka ƙara mini zoɓo, na tura maka sauran kifin.

Kudu ce ta dawo mana da dariya. A bayan Nafoli ka jero Fiano da Greco di Tufo da Falanghina kamar mai kiran sunayen matansa, ka ce garin Tufo a kan ma'adinin farar wuta yake zaune. A Sisili kuma wai har a jikin Etna, dutsen da ya haura mita 3,300 kuma har yau yake aman wuta, mutane sun kafa gonaki suna noman Carricante a baƙin toka. Na ce wanda ya shuka abin sha a bakin murhu ai ya riga ya bugu kafin girbi. A nan ka gaya mini yadda a ƙarshen ƙarni na 19 wani ɗan ƙwaro ya zo daga Amurka ya cinye saiwar inabin Turai, aka rasa magani sai da aka aura reshen Turai a kan saiwar Amurka, har yau kusan duk inabinsu ɗan aure ne, in ban da tsirarun tsofaffin itatuwa irin na rairayin Etna da ƙwaron ya kasa shiga. Ka bugi ƙirji ka ce ai ku ma haka kuke aurar da lemo da mangwaro a Gboko. Wannan kam ban musa maka ba.

Amma inda na ƙwace tsinken daga hannunka shi ne Pantelleria, ɗan tsibirin da ya fi kusa da Tunisiya a kan Sisili. Ka ce iska ta yi masu yawa, har sai sun haƙa ɗan rami sun dasa inabi a ciki, ya tashi gajere kamar sabara, kuma sunan inabin Zibibbo. Ka faɗe shi da ƙarfi kana murɗa baki don in ji ka iya Italiyanci. Na ce sake faɗa. Ka sake. Na ce Munci, zabibi ke nan! Zabibin da alhazai ke kawo mana tsaraba tare da dabino. Larabawa sun mulki Sisili sama da shekara 200 tun daga 827, suka bar masu kalmar, mu ma daga bakinsu muka karɓe ta, ita da inabin kansa. Ka ƙetare hamada da teku, ka kashe kuɗin 'yarka, ka dawo mini da kalmar da kakata ke ɗaure da ita a bakin zane. Daga nan ka yi tsalle zuwa Sardiniya don ka rufe kunya da Vermentino mai ɗanɗanon iskar teku, na ce tsibirin da tumakinsa suka fi mutanensa yawa? Ko'ina ka sa tsinke a ƙasar nan sai ka taka kashin dabbarmu.

Gaskiyar magana, bawana, duk karatun nan da ka ɗauko a kai, a ƙwaryar da na kawo wa uwargida yake. Me ka koyo? Cewa abin sha yana ɗauke da ɗanɗanon ƙasar da ya fito, da ruwan shekarar, da hannun wanda ya yi shi. Innata ba ta taɓa ganin taswira ba, amma ka miƙa mata ludayi ɗaya na nono, za ta gaya maka ko saniyar a fadama ta yi kiwo ko a jigawa, ko ɗanyar ciyawar damina ta ci ko harawa da 'ya'yan gawo na rani. Ta dubi man shanu ta ce wannan na damina ne, dubi yadda ya yi ruwan ɗorawa. Ta san kindirmon da ya kwana ɗaya da wanda ya kwana biyu, ta san tsala tun daga nesa, ta san ƙwaryar da aka yi wa hayaƙi da wadda aka wanke da ganda. Mu ma muna da fari da ja, ga bunaji ga rahaji. Har jujjuyawar da kake yi da kofi, mu da maburgi muke yinta. Kai ma kanka, in aka kai ka kasuwar Zaki Biyam, ido rufe za ka bambance doyar da za ta yi sakwara mai danƙo da wadda sai dai a dafa wa baƙo.

Inda suka fi mu ɗaya ne, kuma shi ya tsaya mini a rai. Su sun rubuta. A 1963 suka kafa dokar da ta ce kowace giya mai suna sai an san iyakar gonakinta, da irin inabinta, da yawan abin da za a girba a kowace kadada. Masu shaidar DOC yanzu sun haura 300, masu babbar shaida ta DOCG sun haura 70, kuma su sai an ɗanɗana an gwada kafin a sake su kasuwa. Ka nuna mini hoton wata 'yar takarda siririya da hukuma ke liƙawa a wuyan kwalba, kowace da lambarta, wadda da ita za a bi sawu har a gano rumbun da ta fito. Na daɗe ina kallon takardar nan. Na ce kaico, da kakana ya san wannan dabara, da kowace saniya ya rataya mata lamba a wuya, da yau ba mu tsaya jayayya ba. Sai dai na san ku, har takardar za ku haɗa ku ci.

Labarin da ka fi so, har ka ba ni shi sau biyu, shi ne na Montefiascone, wani gari a bakin tafkin Bolsena arewa da Roma. Tatsuniyarsu ta ce a shekarar 1111 wani babban limamin coci ya taso daga Jamus zuwa Roma, mutum ne mai son kurɓa, sai ya riƙa tura baransa gaba da tafiyar yini guda, duk masaukin da ya tarar da giya mai kyau ya rubuta Est a ƙofa, wato akwai. Da baran ya iso wannan gari ya ɗanɗana farar giyarsu, sai ya ga sau ɗaya ba zai isa ba, ya rubuta sau uku. Ubangidan ya iso, ya zauna, ya sha har ya mutu a can, ga kabarin da ake cewa nasa ne a cocin San Flaviano, giyar kuma har yau sunanta Est! Est!! Est!!! Ka yi ta dariya kana cewa ka ga ƙarshen iyayengiji.

Ni kuwa baran na yi ta tunani a hanyar komawa gida. Bawan Allah mai amana, an aike shi ya ɗanɗana, ya ɗanɗana ya bar wa ubangidansa sauran. Na tabbata ba ɗan Tibi ba ne. Da kai aka aika, da limamin nan ya yi tsawon rai, don zai iso ya tarar da gangunan a kife, masu masauki sun yi tagumi, a jikin ƙofa kuma an rubuta da gawayi, "Mun sha! Mun sha!! Mun sha!!!"

Na ji ƙishin-ƙishin kana tara kuɗin komawa a watan Afirilu, wai za ka halarci baje kolin Vinitaly da ake yi a Berona tun 1967. Ban hana ka ba, bawa mai ilimi ado ne ga ubangidansa. Amma kafin ka taka filin jirgi ka biyo ta ruga da karsana ɗaya, fara, mai ƙafa huɗu, da ranta. Kada ka kawo mini hotonta, kada ka kawo mini labarin ƙamshinta. In ka ƙi, zan kai ƙara fadar Tor Tibi a Gboko, in nemi a canza maka suna a hukumance, daga Munci ka koma Munsha.

A gaida uwargida, a ce mata ta mayar mini da ƙwaryata. Ita ma amana ce, kuma na san gidan da na bar ta.

Naka,
Ubangidanka na ruga